Ganyen Lambun Mama Helen

Wata uku na farko da na yi a New York ban ga ƙasar noma da idona ba, sai siminti da kwalta da ƙanƙara. Matar da ta kawo ni daga Kano cewa ta yi zan riƙa yi mata kitso a shagonta. Da na sauka sai na tarar ba ta da shago. Raino zan yi da wanki da girki, kuma kada in taka bakin ƙofa. Ranar da na ce mata ba haka muka yi ba, ta ɗauko jakata ta ajiye a waje, ta ce bizata ta kusa mutuwa, in je in ga wanda zai karɓe ni.

A masallaci na zauna ranar, a sashen mata, har aka watse daga sallar Juma'a. Wata mata doguwa mai jiki ta gama addu'a, ta dubi jakata, ta dube ni.

"Ka ci abinci yau?" in ji ta.

Na waiga in ga namijin da take wa magana, babu kowa. Daga baya na saba. Anti Mariya 'yar Zangon Kumasi ce, Hausarsu ba ta raba mace da namiji. Ita ta kai ni ɗakinta a unguwar Park Hill da ke wani tsibiri a gefen birnin, hawa na biyar, ta shimfiɗa mini katifa a falo. Ba ta da miji a nan, 'ya'yanta suna Gana. Shekararta goma sha wani abu tana aikin kula da tsofaffi, tana fama da ciwon suga, kullum da yamma sai ta ɗora ƙafafunta a kan kujera saboda kumburi.

Aikina na farko a Canal Street ne, wani titin kasuwanci a tsakiyar birnin. Wani mutumin Nijar ya ba ni jakunkunan mata in sayar a bakin titi. Kullum da safe in shiga bas zuwa St. George a bakin ruwa, in hau feri, jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane cikin birni, in riƙe ƙarfe gam ina salati don ban taɓa ganin ruwa mai yawan wannan ba. A kan zani ake baza kayan, kusurwoyinsa huɗu a ɗaure da igiya, don in 'yan sanda sun zo ka ja ka ruga. Ran da suka zo, wani ya yi fito, titin ya hargitse. Ban ma tuna da igiyar ba. Na faɗa wani shagon kifi na 'yan Sin. Tsohuwar da ke ciki ba ta tambaye ni komai ba, ta jawo ni bayan kanta, ta miƙo mini wuƙa da kifi. Na tsaya ina kankare ɓawon kifi har 'yan sandan suka wuce ta ƙofar. Ban sake komawa titin ba. Tun daga ranar, ko mai kawo wasiƙa na hango da kayan sarki sai in canja hanya.

Ana cikin haka kamfanin da Anti Mariya ke yi wa aiki ya ƙara mata wani gidan aiki a can cikin tsibirin, ita kuwa ƙafafunta ba za su ɗauki aiki biyu ba.

"Ba su taɓa ganina ba," ta ce. "Ka je da sunana, tunda ba ka da takardar aiki. Tsohuwa ce, ka yi mata wanka, ka ba ta magani, ka dafa mata. In an kira Mariya ka amsa. Shi ke nan."

"Anti, in aka gane fa?"

"In aka gane mu biyu ne a ciki. Saboda haka kar a gane."

Haka na zama Mariya. Gidan ƙarami ne na katako, mai ɗan fili a baya. Mama Helen ta haura tamanin, iyayenta mutanen Polan ne, shanyewar ɓarin jiki ta karkatar mata da baki, maganarta ba ta fita sosai. Ni kuma Turancina bai kai ya kawo ba. Ranar farko ina goge falo na ɗaga kai na ga hoton ɗanta a bango, da hular 'yan sanda da lamba a ƙirji. Tsumman ya faɗi daga hannuna. Mista Frank sunansa. Shi ke kwana a gidan, ya karɓe ni da yamma, kuma shi ke zama da ita Asabar da Lahadi. Mutum ne mai kauri, ba ya yawan magana. Duk sanda ya ce "Mariya" sai na ɗan yi jinkiri kafin in tuna da ni yake, in kwana ina tunanin ko ya lura.

Da sanyi ya fara raguwa, wata safiya Mama Helen ta yi ta nuna mini ƙofar baya da sandarta. Na tura ta a kekenta na marasa lafiya muka fita. A gindin katanga, inda ƙanƙara ta narke, na ga wasu jajayen ƙulalai sun fasa ƙasa kamar dunƙulen hannun jariri. Na durƙusa na damƙi ƙasar. Baƙa ce, mai laushi, mai sanyi. Ni a Kura na tashi, a lambun mahaifina, tsakanin kwamin tumatir da albasa. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Tsohuwar ta dafa kafaɗata da hannunta mai lafiya, ta nuna tsiron ta ce wani abu da na ji kamar "rababa". Sunansa ke nan da harshen iyayenta. Turawan Amurka rubab suke ce masa, amma wannan ban san shi ba sai daga baya.

A lambun nan muka fi fahimtar juna, don ba a bukatar baki. Ta nuna mini buhun taki a garejin, ta sa na zuba a kewayen kowane gindi ba tare da na rufe kansa ba. Ta sa na cire ciyawa da hannu, ta hana ni sa fartanya kusa da saiwar. Cikin 'yan makonni ƙulalan nan suka buɗe, suka miƙe da jan kara mai kaurin babban yatsa, ganye kuwa faffaɗa ya fi na gwaza. Da wani kara ya fito daga tsakiya da fure a kansa, ta sa na karya shi na yar, ta nuna min da hannu cewa yana shanye ƙarfin uwar. Ranar fara girbi na zo da wuƙa, ta buge mini hannu. Ba a yankawa. Sai ka kama karan daga can ƙasa, ka murɗa, ka ja, ya fito da 'yar ƙara. Kuma ba a kwashewa duka, in ka ciri ɗaya ka bar biyu.

Ina cirowa ina ɗora mata a cinya, ita kuma tana datse ganyen da almakashi tana jefawa a cikin baƙar leda. Karan kaɗai take so. A kicin ta sa na yanka shi guntu-guntu na dafa da sukari da kirfa, ya narke ya zama kamar kunu ja, mai tsami da zaƙi. Ni kuwa hankalina yana kan ledar nan. Ganye kore shar, ba tsutsa ba ƙura, za a kai shara. Na ɗauko ɗaya na nuna mata na nuna bakina. Ta girgiza kai da ƙarfi, ta yi ta faɗin wata kalma, miyau yana zubo mata, har ta gaji. Na goge mata baki. Na ɗauka dai halin Turawa ne, da suke zubar da ƙafar kaza da kan kifi. Da ta juya na gutsiri bakin ganyen na tauna. Tsami ya cika mini baki, irin na yakuwa sak. Na ji kamar ina tsakar gidanmu.

Mako uku ina kai ledar nan shara ina jin zafin abin. Ranar wata Juma'a na cusa ta a jakata. Ban tambaya ba, don na ji kunyar roƙon abin da aka riga aka zubar.

Ranar Asabar na wanke shi, na yanka, na yi miya da gyaɗa da busasshen kifi, na tuƙa tuwon shinkafa. Ganyen da yawa ne, miyar ta yi kauri. Anti Mariya ta leƙo kicin tana shaƙar ƙamshi.

"Ina ka samo kontomire a garin nan?" in ji ta, don haka mutanen Gana suke kiran ganyen gwaza.

"Ba shi ba ne, Anti. Wani ganye ne na lambun tsohuwata, ɗan'uwan yakuwa."

Ta ci malmala biyu, ta ƙara miya, ta suɗe kwanon. Ni ƙamshin girkin ya riga ya cika mini ciki, loma kaɗan na yi.

Bayan la'asar ta ce maƙogwaronta yana zafi kamar ta haɗiyi barkono. Na ba ta ruwa. Can sai amai. Ta shiga banɗaki ta fito, ta koma ta fito, a karo na huɗu ba ta fito ba. Na tura ƙofar na same ta a ƙasa, ta riƙe ƙugu, gumi ya jiƙa mata riga, yatsun hannunta sun ƙanƙame. Ni ma na fara jin bakina yana ƙuna. A nan na tuna yadda Mama Helen ta yi ta girgiza kai.

Zan faɗi gaskiya a nan, ko da ba ta yi mini kyau ba. Na ɗauki waya na tsaya a falo ban kira ba. Na san in aka kira lambar gaggawa, wani lokaci har da 'yan sanda suke zuwa. Na dubi jakata a gefen katifa. Na yi tunanin in kira, in bar ƙofa a buɗe, in sauka ta matakala in ɓace. Har na ɗauki takalmina. Sai na ji ta daga banɗaki tana kiran sunana na gaskiya, a hankali, "Saude, Saude." Na ajiye takalmin na danna lambar.

A asibiti suka shige da ita bayan labule, suka sa mata ruwa, suka ɗebi jini. Wani likita ɗan Indiya ya zo ya tambaye ni me ta ci. Na ce ganye. Wane ganye? Na ce rababa. Ya ce bai san shi ba. Na kwatanta masa jan kara da faffaɗan ganye. Ya ce akwai tsirrai da dama masu jan kara a lambunan garin nan, wani abinci ne, wani guba, kuma ba hanya ɗaya ake bi da su ba. Ya ce ƙodarta ta fara gazawa, yana bukatar ya san sunan yanzu. Akwai saura a gida? Babu, duk na dafa. Wa ya san shi?

Mutum ɗaya ne zai ɗauki waya a gidan Mama Helen ranar Asabar.

Na tsaya a jikin labulen na kira.

"Mista Frank, ni ce."

"Mariya? Lafiya?"

"Tsiron bayan gida. Mai jan kara. Yaya sunansa?"

"Rubab. Me ya faru?"

"Ganyen... na ɗauka. Na dafa."

"Kin dafa ganyen? Ganyen guba ne! Wa ya ci? Kina ina?"

Likitan ya miƙo hannu ya karɓi wayar. Ina ji yana yi masa bayani: mace ce mai shekara hamsin da wani abu, mai ciwon suga, ta ci da yawa. Sannan ya duba abin da aka ɗaura mata a hannu ya karanto cikakken sunanta, sunan da ke rubuce a takardar aikin da ke manne a firjin Mama Helen. Ya miƙo mini wayar ya koma bayan labule da sauri.

Na mayar da wayar kunnena. Ina jin numfashinsa.

"In Mariya ce a kan gado," ya ce, "da wa nake magana?"

"Saudatu," na ce. "Sunana Saudatu."

"Wane asibiti?"

Na faɗa masa. Ya kashe.

Ban taɓa jin minti ya yi tsawo kamar na zaman nan ba. Duk ƙofar da ta buɗe sai in miƙe. Akwai mai gadi a bakin ƙofa da baƙaƙen kaya, duk sanda ya taɓa rediyonsa sai in ce ni ake kwatanta masa. Ba abin da ya hana ni fita, amma Anti tana bayan labule tana nishi, kuma ni na zuba mata miyar da hannuna.

Mista Frank ya iso sanye da kayan gida, riƙe da kara ɗaya da ganyensa a cikin leda. Ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya ba likitan, suka yi magana. Sannan ya dawo ya tsaya a kaina.

"Wata biyar kina cikin gidan uwata," ya ce. "Kina ba ta magani. Kina yi mata wanka. Ban san ko wace ce ke ba."

Ya sake dubana da kyau, sannan ya tambaye ni:

"Ke ma kin ci?"

Na gyaɗa kai alamar eh. Ya kira wata nas ya ce a duba ni. Na ce lafiyata ƙalau, don na san za a tambayi suna da takarda. Ya ce mata a duba ta, ya tsaya har aka ɗebi jinina. Da zai tafi ya ce, "Litinin ki zo kamar kullum."

Ranar Lahadi na wuni ni kaɗai a ɗakin Park Hill. Na kankare tukunyar har ta yi fari, na sake kankarewa. In lif ya tsaya a hawanmu sai in kasa kunne. Wata maƙwabciya da ta ji labari ta ce in tattara in tafi Bronx tun kafin dare, tana da 'yar'uwa a can. Na so in tafi. Amma adireshin Anti Mariya yana hannunsa, sunanta yana hannunsa. In na gudu, a kanta abin zai sauka, tana kwance ba ta iya ko juyawa. Na kira babata ta bidiyo, na ce mata komai lafiya, na ce ta sa ni a addu'a. Ta ce fuskata ta faɗa. Na ce sanyi ne.

Litinin na yi alwala na shiga bas. Daga nesa na leƙa titin, babu motar 'yan sanda, sai tasa. Mama Helen tana falo a kekenta. Tana ganina ta fashe da kuka. Ta kama hannuna, sannan ta saki ta riƙa dukan bakinta da tafin hannu, tana faɗin kalmar nan da ta yi ta faɗa a lambu. Yanzu na gane ta. Guba take cewa. Bakinta take ba wa laifi. Na durƙusa na riƙe hannun na ce a'a Mama, a'a, ni ce. Ban san ko ta ji ba.

Mista Frank ya fito da makulli a hannu. "Shiga mota."

Na zauna a baya. Bai ce inda za mu ba, ban tambaya ba. Na ga mun nufi St. George, inda kotu take da babban ofishin 'yan sanda. Na fara karanta duk abin da ya zo bakina, ina haɗa wata sura da wata. Na tuna ban kashe fitilar kicin ba. Na tuna babu wanda zai kai wa Anti hijabinta. A wata danja muka tsaya daidai gaban ginin, 'yan sanda biyu suna tsaye a kan matakala, ɗaya ya ɗago masa hannu, shi ma ya ɗaga. Na rufe ido. Motar ta motsa. Da na buɗe mun wuce.

A ƙofar asibitin ya tsaya. Ya kashe mota, bai waigo ba, ta madubi yake kallona.

"Uwata ta ce ke kaɗai ce kike fita da ita waje," ya ce. "Jiya ta ƙi cin abinci sai da na yi mata alkawari. To ga abin da zan yi. Zan ce wa kamfanin ba ma bukatar kowa, 'yar'uwata za ta zo ta zauna da ita. Ba zan faɗi dalili ba. Zan yi kamar ban taɓa jin sunan da kika faɗa mini ba. Amma kada ki sake zuwa gidan, kuma kada in sake jin kin shiga gidan wani da sunan wata. Kin gane?"

"Na gane."

"Fita ki je wajen ƙawarki."

Na fita. Na zauna a bakin kwalbati har motar ta ɓace. Ban sake ganinsa ba, ban sake ganin Mama Helen ba.

Anti Mariya ta yi kwana goma sha ɗaya a asibitin. Likita ya ce dama suga ya riga ya raunana ƙodarta, ganyen ya ƙarasa abin da ya rage. Ba ta sake komawa aiki ba. Sau uku a mako ake wanke mata jini, kuma ni nake kai ta, daga baya da na samu kitso a wani shago ni nake riƙe ɗakin.

Amma a ranar Litinin ɗin nan ban san duk wannan ba. Na hau sama na same ta a farke, an jona mata robobi a wuya da hannu, fuskarta ta kumbura. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga.

"Shigo mana," ta ce. Muryarta ta dushe.

Na zube a gefen gadon na ce, "Anti, ki yafe mini. Ni na kashe ki. Har takalmi na ɗauka zan gudu in bar ki."

"Na sani. Na ji ka a falo." Ta ɗan huta. "Na kuma ji ka a bayan labule, ka faɗa wa ɗan sanda sunanka. Ina so in ce kar ka faɗa, bakina ya ƙi buɗewa."

Na kifa kai a kan zanin gadon ina kuka. Ta ɗora hannunta mai robar nan a kan ɗankwalina, ta bar shi a nan.

"Ya isa," ta ce. "Tashi ka miƙo mini ƙasar taimama a wajen nas. Tun Asabar ban yi salla ba, kuma ban san ina gabas take a ɗakin nan ba."

Na share fuskata na fita neman gabas.